Kaza Ta Ƙara Girma, Yanka Ya Ƙanƙance: Ina Naman Ya Tafi?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisunmu na nan Maikunkele, ana yin ta cikin raha, a yi dariya a watse, alhali kuwa ba ta dariya ba ce. Maganar kaza ce. Duk wanda ya kai shekara 40 a duniya ya san cewa kazar da ake sayarwa yau ta fi wadda ya tashi ya gani girma nesa ba kusa ba. Ɗan tsakon da aka sauke daga mota yau, kafin wata biyu ya zama ƙato, ɗaukarsa da hannu ɗaya sai da nishi. Amma kuma duk wanda ya sayi shinkafa da kaza a robar tekawe cikin garin Minna, ko ya tsaya gaban mai gashi a bakin titin Zungeru da daddare, ya san cewa yankan da ake ɗora masa kullum ƙara tsukewa yake yi. Cinyar da a da take cika tafin hannu, yanzu sai an ɗaga kabeji kafin a gan ta. To, ina naman ya tafi? Kuma wanda ya rage yankan bai faɗa ba, laifi ya yi, ko kuwa dabarar zaman kasuwa ce kawai a lokacin da kowa ke ji a jikinsa?

Mu fara da ita kazar, domin akwai jita-jitar da ya kamata a kawar. Mutane da yawa suna cewa allura ake ɗirka mata ta kumbura. Ba nan gizo ke saƙar ba. Girman kazar gidan gona daga zaɓen iri ya fito, irin zaɓen da manomi ke yi in ya ware zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye don shukar baɗi. Bambancin kawai, su sun yi nasu ne da lissafi da kuɗi masu yawa, shekara da shekaru ba fashi. A 1948 aka yi wata gasa a Amurka da suka kira Kazar Gobe, wadda wani babban kamfanin kantuna mai suna A&P ya ɗauki nauyinta. Abin da ake nema shi ne kaza mai faɗin ƙirji, mai tsoka, mai saurin girma da abinci kaɗan. Wani mai kiwo daga Kalifoniya, Charles Vantress, shi ya ci gasar da kazar da ya samu ta hanyar haɗa jinsi biyu. Wata gona mai suna Arbor Acres ita ma ta yi fice da fararen kajinta. Daga zuriyar irin waɗannan kaji ne aka yi ta zaɓe, ana ɗaukar wadda ta fi saurin girma ana barin saura, har aka kawo ga buroilar da muke gani a akurkunan unguwarmu.

Masu bincike a Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada sun gwada abin a fili, suka wallafa sakamakon a 2014. Sun samo irin kazar 1957, da irin na 1978, da irin na 2005, suka kiwata su da abinci iri ɗaya, a yanayi ɗaya, har kwana 56. Da aka ɗora a sikeli, ta 1957 ta ba da giram 905, ta 1978 ta ba da giram 1,808, ta 2005 kuwa ta ba da giram 4,202. Wato ta ninka ta farko fiye da sau huɗu, kuma abincin da take ci kafin ta yi kilo ɗaya na nama bai wuce rabin na kakarta ba. Ba allura a ciki, iri ne kawai. Mu kwatanta da kazarmu ta gida, wadda ke yawo tana tona a bayan gida: sai ta yi wata biyar ko shida kafin ta kai kilo ɗaya da wani abu, ƙwan da take yi a shekara kuma bai cika wuce 40 zuwa 60 ba.

Gaskiya ɗaya ce, wannan aiki ya amfani mutane. A da, kaza ta baƙo ce, ta mai jego ce, ta ranar Sallah ce. Yaro in ya samu ƙafa da wuya ya gode Allah. Yau akwai matan aure da samari a unguwar nan da ke zuba tsaki 50 ko 100, su lissafa yadda za su isa daidai ƙaramar Sallah, ko daidai Kirsimeti don maƙwabtanmu Kirista, su fitar da kuɗin makaranta a ciki. Masu figa suna ci, masu sayar da dusa da garin katako suna ci, mai gawayi yana ci. Albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko. Ba wanda zai raina wannan.

Sai dai akwai abin da ya zo tare da ita da ba a cika faɗa ba. Na ɗaya, irin ba namu ba ne. Kusan duk buroilar duniya yau daga hannun manyan kamfanoni biyu asalinta ya fito: Aviagen, mai Ross da Arbor Acres, da kuma Cobb-Vantress. Kakannin kajin daga waje ake shigo da su da dala, a ƙyanƙyashe 'ya'yansu a manyan gonaki, akasari a kewayen Ibadan, wasu a Kaduna inda Olam ta buɗe wurin ƙyanƙyasa da injin abincin kaji a 2017, sannan a loda tsaki a kwali a kawo mana. Mai kiwo ba ya iya ajiye zakara da kaza daga cikinsu ya ce zai ci gaba da irin, don haɗin ba ya gadon kansa. Kowane zubi sai ya koma ya saya. Na biyu, wannan kaza ba ta tona. Ba ta san tsaba a ƙasa ba, ba ta san fara ko gara ba. Masara da waken suya take ci, niƙaƙƙu, haɗaɗɗu, daga buhu. Abincin nan kaɗai yana cinye kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin kiwonta. Ashe ke nan kazar da ke akurkinmu a Maikunkele ƙafarta ɗaya tana ɗaure da dala, ɗayar tana ɗaure da buhun masara. Duk wanda ya motsa a cikinsu, sai ta ji.

Kuma duka biyun sun motsa. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Kuɗin mota daga Ibadan ya tashi, magani ya tashi, buhun abinci ya tashi. A Yunin 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar kayan abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Mu a Jihar Neja muna da ƙarin namu: manoman Shiroro da Rafi da Munya da Mariga da yawa 'yan bindiga sun hana su zuwa gona, kuma masarar da ba a noma ba kaza ba za ta ci ba. To mai kiwo da ya ga buhu na ƙarewa kuɗi babu, me zai yi? Sai ya sayar da wuri. Dama buroila tana ƙara kwana tana ƙara ci, naman da take ƙarawa kuma yana raguwa a kan abin da ta ci. Kazar da za ta iya kai kilo uku sai a kai ta kasuwa tana sati huɗu ko biyar. Masu gidajen abinci kuwa haka suke so, don su ba kilo suke sayarwa ba, yanka suke sayarwa. Ƙaramar kaza cinya biyu gare ta, babbar ma biyu gare ta. In kuma babbar ce ta faɗo hannunsu, sai wuƙa ta yi aiki: wadda ake raba huɗu a raba ta shida, wadda ake raba shida a raba ta takwas. Nan naman ya tafi. Wani bai samu ya fito ba tun a gona, wani kuma an rarraba shi a kan teburi.

Yanzu mu zo ga tambayar da ta fi nauyi. Mu saurari mai sayarwa tukuna, domin ɗan unguwa ne, tare muke sallah, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Zai ce: "Malam, in na ƙara kuɗi, wa zai saya? Mutum ya fito da naira 1,500 a aljihu, ita ke nan gare shi. In na ce masa 2,000, juyawa zai yi ya koma gida hannu rabbana, 'ya'yansa ba su ɗanɗana komai ba. In na rage yankan na bar kuɗin yadda yake, ya samu ya kai wani abu gida, ni ma na rufa wa kaina asiri. Ban da haka ma, na kusa da ni ya rage nasa bai ƙara kuɗi ba. In ni kaɗai na ƙara, sai a ce ni ne mai tsada, a watse a bar ni da kaya." Wannan magana akwai gaskiya a cikinta. Talaka ba da kilo yake lissafi ba, da abin da ke hannunsa yake lissafi. Shi ya sa madara da omo da man gyaɗa duk suka koma ƙananan leda. Sayar da kaɗan ga mai kaɗan ba zunubi ba ne, rahama ce ma.

Inda muka rabu da shi wuri ɗaya ne: shirun. Bari mu yi lissafi mai sauƙi, na misali. A ce mai gashi yana sayen kaza naira 6,000, ya raba ta shida, ya sayar da kowane yanka 1,500. Ya tashi da 9,000, abin da ya rage masa na gawayi da yaji da wahala 3,000. Sai kaza ta koma 8,000. Idan yana son 3,000 ɗinsa ta tsaya yadda take, sai ya sayar da yanka a wajen 1,850. Ƙarin 350 ke nan, kowa ya gani, wanda zai yi ƙorafi ya yi. Amma in ya yi shiru ya raba kazar takwas ya bar kuɗin a 1,500, zai tashi da 12,000, ya rage masa 4,000. Mai saye kuwa an cire masa kashi ɗaya cikin huɗu na naman da ya saba samu, daidai yake da a ce yankan da ya sani ya koma 2,000. Ka ga ƙarin ɓoye ya fi na fili yawa, kuma ba wanda ya ce uffan, don ba wanda ya sani. Wannan shi ne halin ɓoye. Ƙarin fili yana da mai tsawata masa, shi ne idon mai saye. Na ɓoye kuwa ba mai tsawata masa sai zuciyar mai wuƙa, zuciya kuma in ta ga ba a kula ba, gobe sai ta ƙara.

Wani zai ce ai mai saye yana da ido, ya ga yankan kafin ya biya. Haka ne, amma me ya gani? Ya ga abu a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ja-ja, an barbaɗe shi da yaji, an lulluɓe da albasa, ko an tsoma shi a fulawa an soya ya yi ɓawo mai kauri, ko kuma yana cikin roba a rufe sai an je gida. Ba ya riƙe da yankan watan jiya balle ya gwada su. Abin da ya dogara da shi sabo ne. Da ya ce "a ba ni yanka ɗaya", yankan da ya sani yake nufi, mai sayarwa kuma ya san haka. Sabo tsakanin mai saye da mai sayarwa alkawari ne wanda ba a furta ba. Wanda ya canza abin ya bar sunan, da sunan ya yi ciniki, ba da abin ba. Ba shi da maraba da mai bubbuge gindin mudu ya turo shi ciki: daga waje mudu ne, sunansa mudu, amma abin da yake ɗauka ba na mudu ba ne. Haka mai sayar da daskararriyar kaza da ke ɗora ta a sikeli da ƙanƙararta, a je gida ta narke a ga an sayi ruwa da kuɗin nama.

Malamanmu sun daɗe da raba waɗannan abubuwa biyu. Tsada a kanta ba haramun ba ce. Lokacin da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade farashi, bai yi ba. Amma da ya sa hannu cikin tarin hatsin wani ɗan kasuwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, bai bar shi ba, ya tambaye shi dalilin da bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. A lura, bai hana shi sayar da jiƙaƙƙen hatsi ba. Ɓoyewar ya hana. Sura guda a Alƙur'ani an sa mata sunan masu tauye mudu, kuma kowane ɗan makarantar allo ya san abin da ya sami mutanen Madyana da suka ƙi jin Annabi Shu'aibu a kan awo. Saboda haka hukuncin a bayyane yake: ka ƙara kuɗi ka faɗa, halal ɗinka ne, ka rage yanka ka faɗa, halal ɗinka ne, ka rage ka bar mutum yana zaton bai ragu ba, ka ci abin da ba a ba ka ba.

Kuma ba a al'adarmu ba ne ma. Mu ne fa masu gyara. Ka sayi tumatir, mai kaya ta ɗora maka biyu a kai. Ka auni gero, a cika mudu ya yi tozo, a ƙara maka da tafin hannu. Mai tsire tun kafin ka yi magana ya miƙo maka ɗanɗano a bakin wuƙa. In tayinka bai yi masa ba, ba ya zaginka, "albarka" yake cewa. Me gyara ke nufi? Mai sayarwa ne yake cewa: gara in kuskure ta wajen ba ka fiye da haƙƙinka da in kuskure ta wajen tauye ka. Asara ce ƙarama da ake yi da gangan don a sayi natsuwar zuciya da dawowar mai saye. Rage yanka a ɓoye kishiyar gyara ce sak. Mutanen da suka ƙirƙiro gyara bai kamata a same su suna aske cinyar kaza ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa wannan magana ta fi shafarmu a kan kowa. Mu zama muka zo yi. Ƙasar nan ta Gbagyi ce, sun karɓi iyayenmu da kakanninmu, aka zauna lafiya, aka yi ciniki, aka yi maƙwabtaka. Bahaushen da ya bar Kano ko Katsina ko Sakkwato ya zo nan bai zo da gona a kai ba. Sunansa ya zo da shi. Ko'ina zango ya kafu, daga Sabo ta Ibadan har Kumasi, a kan amana ya kafu. Wani mai bincike mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan yana nazarin yadda fataucin shanu da goro ke tafiya, ya fitar da littafi a 1969. Abin da ya gano shi ne dukiya mai yawa tana yawo bashi, ba takarda ba sa hannu, sai maganar maigida kawai, kuma wanda ya ci amana sau ɗaya kasuwar ta rufe masa. Wannan shi ne jarin da muka gada. Ma'aikacin filin jirgin sama, da ɗalibin jami'ar fasaha da ke Bosso, da matafiyin da ya tsaya a kan hanyarsa ta Zungeru, in aka tauye su ba za su riƙe sunan mai teburin ba. "Hausawan Maikunkele" za su ce. Mutum ɗaya ya aske nama, unguwa guda ta biya.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A 2016 masu yin cakulan Toblerone sun faɗaɗa gibin da ke tsakanin tudun cakulan ɗin da suke sayarwa a Ingila, na giram 170 ya koma 150, mutane suka yi ca. A Faransa abin ya kai gwamnati ta sa doka: daga 1 ga Yuli, 2024, manyan kantuna dole su liƙa sanarwa har wata biyu a jikin duk kayan da aka rage yawansu alhali kuɗinsu bai ragu daidai da haka ba. A lura da hikimar dokar: ba ta hana ragewa ba, ba ta ƙayyade farashi ba, cewa ta yi a faɗa. Wato bayan dogon zagaye sun iso inda labarin jiƙaƙƙen hatsi ya tsaya tun tuni. Mu ma a Nijeriya akwai sashen awo da ma'auni na gwamnatin tarayya, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye. Amma wane jami'i ne zai zo bakin titi ƙarfe tara na dare ya auna fukafuki? A zamanin Daular Usmaniyya akwai muhtasibi mai duba mudu da sikeli a kasuwa, garuruwanmu kuma suna da sarkin kasuwa da sarkin fawa. Waɗannan sarautu ba don rawani kawai aka yi su ba.

Kafin mu kai ga abin yi, akwai mai haƙƙi ɗaya da ba ta da bakin magana, ita ce kazar. Halittar da aka sa tsokarta ta riga ƙashinta da zuciyarta girma tana biyan kuɗin wannan sauri da jikinta. Masu kiwo sun sani: akwai wadda ƙafafunta ke kasa ɗaukarta ta zauna a kan ƙirji har gashin wurin ya zube, akwai wadda cikinta ke tara ruwa, akwai wadda za a kwana da ita lafiya a wayi gari ta kife ba ciwon komai. Zafin Minna na watan Maris da Afrilu kuwa yana kashe su tuli in ɗaki ya matse ba iska. Su iyayen da ake ajiyewa don ƙwai, rage musu abinci ake yi da gangan, domin in aka bar su suka ci yadda irinsu ke nema, ƙiba za ta hana su haihuwa. An halatta mana yanka, sabo da kaza ba ya hana a yanka ta. Amma ba a halatta mana azabtarwa ba. Abdullahi ɗan Umar ya taɓa wucewa ta wajen wasu samari da suka ɗaure kaza suna harbinta, ya yi musu faɗa mai tsanani. To wanda ya cusa kaji 200 a ɗakin da zai ɗauki 100, ko ya ɗaure goma a ƙafa ya rataya a babur kai a ƙasa cikin rana, shi ma ya tambayi kansa. Haka wanda ya ba su maganin ƙwayoyin cuta yau ya kai kasuwa gobe, bai jira kwanakin da aka rubuta a jikin maganin ba: ya sayar wa mutane abin da ba su gani ba a cikin nama, wannan ma jiƙaƙƙen hatsi ne a ƙasan tari.

In aka duba da kyau, kumburin kazar da ƙanƙancewar yankan uwarsu ɗaya. Duka biyun sun fito ne daga lissafin da ba ya ganin komai sai abin da ya shigo yau. Shi ya tura kaza ta wuce ƙimar da jikinta zai ɗauka, shi ya janye yanka ya gaza ƙimar da aka saba. Kowane abu yana da gwargwadonsa, kuma wuce gwargwado da gaza shi duk fita ne daga ma'auni.

To me za mu yi, mu da ba mu da iko a kan dala ko farashin masara? Abin da ke hannunmu ba kaɗan ba ne. Masu gashi da masu abinci na unguwar nan su zauna da shugabanninsu su tsayar da magana ɗaya, domin tsoron kowannensu shi ne na kusa da shi. In an yarda kaza shida ake raba ta, shida ɗin ne ga kowa; ranar da tsada ta tilasta ƙari, a ƙara tare, a faɗa tare. Wanda ke son ya yi wa mai ƙaramin ƙarfi hanya, ya yi yanka iri biyu, babba da ƙarami, kowane da kuɗinsa, a jere a kan teburi kowa ya zaɓa. Wannan ita ce rahamar da yake faɗa, ba tare da shirun ba. Ƙaramin sikeli ba ya kai kuɗin kaji biyu. Wanda ya fara ajiye shi a teburinsa zai ga abin da zai jawo masa. Mai kiwo ya faɗi satin kazarsa na gaskiya da ranar da ya ba ta magani na ƙarshe. Mai saye kuma yana da nasa: in mutum ya gaya maka gaskiya ya ce kaya sun tashi, kada ka hukunta shi da ƙaura zuwa wurin wanda ya yi maka shiru. Kasuwar da ke korar mai gaskiya ita ke koya wa 'yan kasuwarta ƙarya.

Sannan kada mu saki kazar gida. Ita ce asusun iyayenmu mata: ba ta san dala ba, tana ƙyanƙyashe 'ya'yanta da kanta, tana jure zafinmu. Babban abokin gabarta annobar nan ce da ke share kaji lokacin hunturu, kuma tana da riga-kafi mai araha, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana yin sa. In gidaje goma suka haɗa kuɗi suka kira malamin dabbobi sau ɗaya, an tsirar da kajin layi guda. Akwai kuma irin da aka inganta a cikin ƙasar nan, kamar Shika Brown mai ƙwai da cibiyar Shika ta Zariya ta fitar, da noila wadda ke iya haɗa kiwon sake da ɗan abincin buhu. Ba su kai buroila sauri ba, amma ba sa durƙushewa ranar da buhu ya gagara.

Tsada za ta zo ta wuce, mun ga irinta a baya. Abin da ba ya dawowa da sauƙi shi ne mutum ya miƙa kuɗi ba tare da ya leƙa leda ba, don ya san wanda ya ɗaure ta. Wannan natsuwar iyayenmu suka tara mana a garin nan shekara da shekaru, da cikakken mudu da ɗan gyara a kai. Kada mu sayar da ita a kan rabin fukafuki. Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya sauƙaƙa mana wannan tsada, Ya ba mu ikon cika awo ko da ba mai kallo. Amin.